Ɗumin da ke Gudu ta Silin

Ni ban yi nisa a boko ba, a aji huɗu na firamare na tsaya, saboda haka abin da zan faɗa wataƙila masu ilimi su ce ai kowa ya san wannan. To ni dai ban sani ba sai da na haihu. Har yau in na kwanta na ɗaga kai na dubi silin ɗakina, sai in ji bakina ya ce ikon Allah.

'Yata ta fari cikin marka ta cika wata huɗu. Wanda bai taɓa yin damina a Jos ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Ruwa ya yi kwana uku yana tsiyaya ba tsayawa, rana ba ta leƙo ba, tsumman jariri ki shanya shi yau, jibi ki taɓa ki ji kamar yanzu kika matse. Bango in kika jingina da shi kamar kin jingina da randa. Gidanmu a Anguwan Rogo yake, tsohon gida ne, kakan maigidana ya gina lokacin da ya zo aikin kuza. Ɗaki biyu ne da ɗan lungu a tsakani. Mu a ɗaya, Inna mahaifiyar maigida a ɗaya. Shi maigida keke mai ƙafa uku yake ja na haya, da an sallame asuba ya fita.

A wannan markar yarinyar ta kama tari. Ba irin tarin da ke zuwa da majina ya wuce ba, wani ɗan busasshen tari ne mai ƙara kamar ana kaɗa ƙwarya da tsinke. Da safe ya fi tsanani. Sai in ɗora kunnena a ƙirjinta in ji wani abu yana shu-shu a ciki.

Inna tana da tsarinta na maganin sanyi, kuma ba yau ta fara ba. Kullum kafin magariba za ta hura gawayi a kurfoti a tsakar gida, ta yi ta fifita har ya ruru ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke. Sannan ta shigo da shi ɗakinmu ta ajiye a gindin gado, ta rufe taga, ta ce in cusa tsumma a ƙasan ƙofa. "Haka na raini shida," in ji ta, "ba wanda sanyi ya taɓa." Ɗakin kuwa yakan yi ɗumi, amma na ɗan lokaci. Da garwashin ya fara toka sai sanyi ya dawo kamar ba a taɓa hura wuta ba, mu tashi da ciwon kai ni da maigida, mu ce sanyi ne.

Ranar da na kai ta awo, nas ɗin ta saurari ƙirjinta, ta ja tsaki a hankali, ta sunkuyo ta shinshina zanin goyona. Ta ce, "Kuna kwana da gawayi a ɗaki ko?" Na ce eh. Ta ce in ina son ƙirjin nan ya warke, in fitar da shi. Na gwada sau ɗaya ba tare da Inna ta sani ba. Da gari ya waye na taɓa ƙafafun yarinyar, sanyi ƙalau kamar ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwa. Na rungume ta ina kuka ba sauti. Daga nan na shiga tsakanin tsoro biyu: in bar wuta ƙirjinta ya lalace, in cire wuta sanyi ya kama ta.

Kuma ba damar in buɗe baki. 'Yar fari ce. A gidanmu uwa ba ta nuna damuwa a kan ɗan fari gaban surukai, ko sunanta ba na kira, sai dai in ce "wannan" ko "yarinyar nan". In ta yi tari a hannun Inna, sai in sunkuyar da kai in ci gaba da tsince shinkafa kamar ban ji ba, alhali kowane tari kamar a haƙarƙarina ake yinsa.

Abin ya fara ne da turaren wuta. Wata safiya bayan na yi mata wanka na sa ɗan turare a kasko don ɗakin ya daina warin danshi. Ƙofa a rufe, taga a rufe. Na zauna a bakin gado ina ba ta nono, idona a kan hayaƙin, don ba abin yi. Na ɗauka zai tashi ya bazu ya cika ɗaki kamar yadda yake yi a ɗakin mahaifiyata. Sai na ga ya miƙe, ya kai kamar tsayin mutum, ya lanƙwasa, ya nufi kusurwar da ke saman kwaba, siriri kamar zaren da ake ja ta kafar allura. Ya shige. Na zuba ido. Wani ya taso, ya bi hanyar ɗan'uwansa.

Gabana ya faɗi. Abin da ya fara zuwa mini, kar dai wani abu ne a sama yake shan turaren. Na yi a'uzubillahi na tofa wa yarinya addu'a. Da na ga ba abin da ya motsa, sai na ɗauki kaskon na kai shi tsakiyar ɗaki. Hayaƙin ya sake hanya, ya nufi inda wayar ƙwan lantarki ta sauko. Na kai shi jikin bango, ya bi wata tsaga tsakanin bango da silin wadda ban taɓa lura da ita ba, ga wata 'yar yanar gizo a wurin tana rawa ita kaɗai. Sannan na durƙusa na sa bayan hannuna a ƙasan ƙofa, duk da tsumman da ke wurin, na ji iska mai sanyi tana shigowa kamar wani ya kwanta a waje yana hurowa.

Da maigida ya dawo cin abincin rana na faɗa masa. Ya yi dariya har tuwo ya kusa shaƙe shi. "Yanzu kuma hayaƙi kike gadi? Ke kam in an ba ki aikin maigadi ɓarawo ya shiga uku." Na sa turare na ce ya zauna ya gani. Ya zauna da lomarsa a hannu. Har lomar ta huce bai kai baki ba. Can ya ce akwai wani tsohon kafinta ɗan unguwar Kabong da yakan ɗauka zuwa kasuwar katako, zai yi masa magana.

Ranar Asabar da hantsi suka zo da tsani a ɗaure saman keke. Dattijo ne ɗan ƙasa, gajere, da hular ulu har kunne da fensir a maƙale a jikinta. Hausarsa irin ta mutanen nan ce, mace da namiji duk "ya" ne a wurinsa. Ya gaida Inna har da cire hula, sannan ya leƙa goyona.

"Wannan ne amaryana da yana tari? Kai, amarya, ka yi haƙuri, mijinka ya zo. Sadaki dai babu, sai guduma."

Inna ta ce, "Ai ko da sadakin ba ma ba tsoho mai furfura."

"Mama, tsoho ne ya san riƙon mata. Tambayi oga."

Na nuna masa abin turaren. Bai yi mini dariya ba. Ya bi hayaƙin da ido, ya gyaɗa kai, ya ce, "Wa ya koya maka wannan?" Na ce ba kowa. Ya juya wajen maigida ya ce, "Oga, matanka ya riga ya yi rabin aikina."

A lungun da ke tsakanin ɗakunan akwai wani ɗan marfi a silin, shekara biyu ina wucewa ƙarƙashinsa ban san yana buɗewa ba. Kafintan ya kafa tsani ya ture shi, ya shige, maigida ya bi bayansa. Muna jin takunsu a kan katako. Can sai muryar kafintan ta sauko: "Maman bebi, kunna wutan ɗaki, ka kwantar da yarinya, ka zo ka gani da idonka."

Inna ta ce, "Mace mai shayarwa a kan tsani? Abin da ya rage ke nan." Amma ba ta ce kar in hau ba, kuma ni zuciyata ta riga ta hau. Na ɗaure zanina tamau, na taka, har kaina da kafaɗuna suka shige.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Na ɗauka duhu zan tarar da ɓeraye. Sai na ga wani ɗaki dogo a kan ɗakunanmu, wanda muke kwana ƙarƙashinsa ba mu san da shi ba. Manyan katakai baƙaƙe sun haɗa kai a sama kamar haƙarƙarin sa a rataye a mahautar Abattoir. A jikin ɗaya akwai shatar gatari, sara bayan sara, hannun mutumin da ya mutu tun ba a haifi uwata ba. Yayyafi yana sauka a kan kwano dab da kaina, ƙararsa ta cika wurin har cikin haƙorana nake jin ta. Ta ramukan tsofaffin ƙusoshi haske yana saukowa tsinke-tsinke.

Baba kafinta ya ce, "Ba sama ba. Duba ƙasa."

Ya kashe tocilarsa. Na duba. Wayyo Allah. Duk ɗakina a zane yake da haske. Hasken ƙwan da na kunna yana fitowa ta kowace tsaga: layi dogo a gefen bango, layi a mahaɗar kowane allon silin, zobe a inda waya ta shiga, ga wani rami a kusurwar kwaba da hannuna zai shige. Ɗakin da nake rufewa ruf, in cusa tsumma, in ce na killace 'yata, ashe daga sama rariya ne. Na matsa kaina kaɗan, ta wata tsaga na hango ta a kan gado, 'yar mitsitsiya, tana wasa da ƙafarta, ba ta san uwarta tana kallonta daga sama ba. Ban taɓa ganin ƙanƙantarta kamar ranar ba.

Ya kunna tocila ya haska bakin ramin kusurwa. Katakon wurin baƙi ƙirin. Ya shafa da yatsa ya nuna mini. "Wannan gawayinku ne. Duk baƙin nan daga ɗakinka ya fito. Kafin ya zo nan, ya wuce ta hancin amaryana."

Na tambaye shi to me ya sa ɗakin ba ya riƙe ɗumi. Ya ce, "Zafi akuya ne, in ya ga dutse sai ya hau. Kana hura wuta a ƙasa, zafi yana hawa, yana fita ta nan. In ya fita, wurinsa ba ya zama haka. Kamar keken oga ne, fasinja ɗaya ya sauka, wani ya shiga. Wanda yana shiga ta ƙasan ƙofa shi ne sanyi. Wata nawa kuna dafa wa kwano ɗaki, ko godiya bai yi ba."

Maigida ya ji haushin abin, shi mai sayen gawayin. Ya hango wani dogon fili tsakanin saman bango da bakin kwano inda iskar waje take shigowa, har ana ganin bishiyar maƙwabta. Ya ce ai ga babbar ƙofar ɓarawon nan, ya ce in miƙo tsofaffin buhuna ya toshe ta gaba ɗaya. Har ya fara cusa ɗaya, Baba ya riƙe masa hannu.

"Oga, ka tsaya a tuƙi. Wannan hancin gida ne. Kwano yana zufa da safe, in iska bai wuce ya busar ba, katakon kakanka da ya kai yau zai ruɓe a hannunka. Sama a bar shi ya sha iska. Ƙasa za mu rufe."

Haka aka yi. Ni aka ba kwaɓi: garin katako da gam a tsohon kwanon sha, in juya har ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, in miƙa sama. Manyan tsagogi ya buga musu siraran katakai, ƙanana ya cike da kwaɓin da yatsa. Gefen bango ya bi da siminti. Na kawo tsumma na ce a cusa wajen wayar lantarki, ya ce a'a, tsumma da waya ba sa zama wuri ɗaya, farin siminti ya sa. Shi kansa marfin, ya yanko robar cikin tsohuwar tayar keke ya zagaye bakinsa da ita don ya zauna daram. Ina tsaye a kan tsani ina kallon layukan hasken nan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ƙasan ya yi duhu baki ɗaya. Da suka sauko muka sa turare. Hayaƙin ya tashi, ya kai silin, ya tsaya yana neman hanya, ya rasa, ya bazu a hankali ya sauko mana.

Ina cikin murna sai idon Baba ya faɗa kan kurfoti a gindin gado. Fuskarsa ta canja, wasan nan duk ya tafi. Inna ta shiga sallar azahar a lokacin, daga ni sai maigida.

Ya ce, "Ku ji da kyau. Daga yau wannan ba zai ƙara kwana a ɗakin nan ba. Gawayi ko ya yi ja, ko babu hayaƙi, yana fitar da wani abu da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Ramukan nan da na rufe, su ne suna fitar muku da shi. Yanzu babu hanya. In kun kawo wuta kun rufe ƙofa, ba wanda zai tashi da safe, har amarya. In ba za ku iya ba, ku faɗa mini yanzu, in hau in buɗe abin da na rufe."

Na zauna a ƙasa. Wata huɗu. Wata huɗu ina toshe ƙasan ƙofa da hannuna, ina tsine wa sanyi, ashe ramukan da ban san da su ba, waɗanda gara da tsufa suka huda, su Allah ya sa suke riƙe da numfashinmu. Na dubi silin, na dubi yarinyar, na ce subhanallahi. Muka yi masa alkawari. Ya ce kuma kullum in rana ta ɗaga a buɗe taga ɗaki ya sha iska, da dare ma a bar ɗan sarari a sama kamar faɗin yatsa.

Maigida ya mayar da shi Kabong, ya ce daga can zai wuce aiki, in ya dawo zai yi wa Inna bayani da kansa. Amma magariba ba ta jira shi ba. Ina ɗaki na ji ƙarar mafici a tsakar gida. Na leƙa, ga Inna ta ɗauko kurfoti da tsumma biyu a hannu, garwashi ja wur, ta nufo ƙofata kamar kullum.

Ban san lokacin da na tsaya a bakin ƙofar ba.

"Matsa mana, 'yar nan, hannuna na ƙuna."

"Inna, ki yi haƙuri. Ba za a shiga da shi ba."

Ta dube ni kamar bango ne ya yi magana. Na faɗa mata abin da Baba ya ce, ina haɗa gaba da baya. Ta ce gawayin da ya ruru ba ya komai, ta ce kafinta katako ya sani ba raino ba, ta ce shida ta raina. Na ce ai a ƙarƙashin ramukan nan ta raine su, yanzu kuwa an rufe. Ta ƙara taku ɗaya. Sai na ji na ce, "Inna, 'yata ce. Wallahi ba zan iya ba." Na kira sunan yarinyar, a gabanta, karo na farko tun da aka raɗa shi.

Ina jin ƙarar ruwa a indararo. Kunya ta rufe ni har na so ƙasa ta tsage, amma ban matsa ba.

Inna ta juya ta dire kurfotin a ƙarƙashin rumfa. Ta ce, ba ta dube ni ba, "Yaran zamani, ko kunyar ɗan fari babu." Ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno. Can ta ce, "Miƙo bargon nata da safa." Na miƙa. Ta riƙa juya su a saman garwashin, ciki da baya, tana taɓawa da kuncinta, har suka ɗauki zafi. Ta ninke ta ba ni. "Maza kafin ya huce. Ki sa ta a jikinki, ba gefe ba."

Da asuba, kafin in buɗe ido sosai, hannuna ya riga ya tafi ƙafafunta. Ɗumi. Na taɓa hancinta, na taɓa bayan wuyanta. A waje ana ta yayyafi, maigida yana alwala yana kukan sanyin ruwa, amma a cikin ɗakin nan babu wuta ko ƙwaya ɗaya, ɗumin jikinmu mu uku ne kawai ya kwana tare da mu, don bai sami hanyar gudu ba. Kaina kuma wasai.

Tarin bai tafi ranar ba, kar in yi ƙarya. Ta yi shi da safen, ta yi washegari. A hankali ya riƙa sassautawa, yana nisa da juna, ni kuma ina ta ɗora kunne a ƙirjinta har maigida ya ce zan huda ta. Wata safiya cikin sati na biyu ina ninke kaya, ta farka ta yi miƙa, ta buɗe baki. Na saki rigar da ke hannuna na tsaya ina jira. Hamma ta yi, doguwa, ta koma barcinta.